Gayyar Gwadabe

Damina uku Gwadabe bai kama fartanya ba. Lafiyarsa ƙalau, kuma bai wuce arba'in da 'yan kai ba. Zaune kawai yake a Gaya, a gidan wan matarsa, yana cin tuwon da bai noma ba. Da safe ya fita ya zaga ganuwar gari, ya dawo, ya sha ruwa, ya sake fita. In rana ta ɗaga sai ya nufi gindin tsamiyar bakin kasuwa inda ake dara, ya tona ramuka, ya jera tsinkayensa. A dara kam ba mai ja da shi. Amma ko a nan ba ya zaunuwa. Yana cikin wasa sai ya miƙe ya leƙa hanya, ya koma ya tsuguna, ya ce wa abokin wasa ya yi sauri, kamar akwai inda za shi.

Asalinsa mutumin Toranke ne, can ƙasar Ajingi. Gonar ubansa na can, doguwa, daga bakin hanya har gindin wata tsohuwar kuka, shi da ƙanensa Lurwanu suke nomanta. Shekarar da mahara suka fito daga kudu, su biyu suna gona. Gwadabe yana kusa da hanya, Lurwanu yana can wajen kuka. Da dawakai suka ɓullo, Gwadabe ya yar da fartanya ya gudu. Aka kama Lurwanu da wasu mutum shida na garin, ba a sake jin labarinsu ba. Kwana biyu bayan haka Gwadabe ya kwashi matarsa Barira da 'yan komatsansu suka shige Gaya, inda akwai ganuwa. Ya ce sai hankali ya kwanta zai koma. Hankalin kowa ya kwanta, shi bai koma ba.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, hadari ya fara yawo a gabas, sai ga Barau, maƙwabcinsa na gona, ya kawo igiyar rama sayarwa. Ya tsaya a kansa yana kallon wasan. Gaisuwar ma bai ja ta ba. Ya ce mai gari ne ya ba shi saƙo. Baƙi sun zo daga wajen Kademi suna neman ƙasa, kuma gonar da ta yi damina uku a kwance ba za ta yi ta huɗu ba. Bayan noman farko mai gari zai zaga ta da ƙafarsa. Inda ya ga shuka, na Gwadabe ne. Inda ya ga daji, na baƙi ne.

Gwadabe ya ce ai gonar ubansa ce, kowa ya sani.

"Kowa ya sani," in ji Barau. "Sabarar da ke ciki ta kawo min ƙirji. Kula da wasanka, ga shi nan zai cinye ka."

Aka kuwa cinye shi. Ya tashi ya share ramukan da ƙafa ya tafi gida.

Barira tana kaɗin auduga lokacin da ya faɗa mata. Ba ta ajiye mazari ba. Ta ce ita dai ta gaji da irin kallon da matar yayanta ke yi mata duk ranar da za a auna hatsi. Ta ce tana da tunkiya, tana da akuya, in tafiya zai yi a taɓa su, in kuma ba zai yi ba ya faɗa mata ta daina sa rai.

Kwana biyu yana zaga ganuwa yana tunani, kuma irin tunanin dara ya yi: a yi tafiya ɗaya a ci da yawa. Gayya zai kira. Mutum arba'in da gatari da adda, wuni guda sun gama da sabarar nan. A wurinsa gayya ba komai ba ce illa tuwo mai yawa da nama da ganga. Ya sha halartarta, ya san yadda ake yi.

Suka sayar da tunkiyar suka auni dawa da gero, suka ɗora wa jakin aro, suka ja akuyar. Hanyar da a da yake cinyewa kafin azahar, sai da ya huta sau uku a kanta. Cinyoyinsa suka goge, tumbin da ya tara a Gaya yana gaba yana haki. Suka tarar danga ta zube, jinkar ɗaki ɗaya ta rufta, suka share ɗayan suka shiga. Gonar kuwa daga bakin hanya ya tsaya ya hango ta. Sabara, kalgo, geza, duk sun tashi. Can ƙarshe ga kukar. Ya juya da sauri.

Washegari ya sa rigarsa ta Gaya ya bi gidaje. A bakin zaure yake tsayawa, ko takalmi ba ya cirewa, ya yi sallama ya ce ranar Alhamis akwai gayya a gonarsa, za a yanka akuya. Kowa ya ce Allah ya kai mu. Kafin hantsi ya gama garin, yana jin daɗin saurinsa.

Mace ɗaya ce ta zo taya Barira daka, wata tsohuwa, Iya Hanne, wadda gidanta ke bayan nasu. Tana kallon tulin dawar ta ce wa Barira a rage. Barira ta gaya wa mai gida. Ya ce tsofaffi sun cika rowa, a ƙara.

Ranar Alhamis makaɗi ya zo daga Ajingi tun da sassafe. Aka jera akussa a inuwar gawo a bakin gona, ga fura a manyan ƙore. Makaɗi ya saki ganga. Ana jin ta har cikin gari, ana jin ta a gonakin da mutane ke sharar kara suna ƙonawa. Wasu suka ɗago suka duba, suka sake sunkuyawa. Gwadabe ya tafi bakin hanya, ya dawo, ya gyara wa akussa zama, ya sake tafiya. Ya ce wa makaɗi ya ƙara ƙarfi. Makaɗi ya ƙara. Da rana ta take tsaka hannunsa ya gaji, ya zauna ya ci tuwo, ya tambaya ko cinyar nan tana da mai ita.

Wajen azahar Barau ya zo, hannu biyu a goye a baya, ba gatari ba adda. Gwadabe ya tare shi da faɗa, ya ce mutanen Toranke munafukai ne, da bakinsu suka amsa masa.

Barau ya bari ya gama tukun.

"Ranar da aka kwashi su Lurwanu," in ji shi, "mu goma sha ɗaya muka bi sawu, kwana biyu. Muka dawo muka tarar kana ɗaure kaya. Bara gidan Malam Uthman ya ƙone, kowa ya kai ciyawar jinka. Mijin Hanne ya rasu shekara biyu ke nan, ba ka taka ba, kuma Gaya nan ce ba Makka ba. Gonar wa ka shiga da fartanya a damina ukun nan? Ka ɗauka tuwo ke kawo mutane? Kowa yana da tuwo a gidansa."

Ya ɗibi fura ya sha, ya ce ta yi daɗi, ya tafi.

Gwadabe ya shiga gida ya ce wa Barira ta haɗa kaya, Gaya za su koma yanzun nan. Ta ce ya sauka lafiya, ita ta dawo ke nan. Ya fita a fusace, ya kama hanya har ya wuce rijiyar bayan gari. A nan ya tsaya. Ya tuna gindin tsamiya, ya tuna yadda za a matsa masa wuri ba wanda zai tambaye shi komai, gobe haka, jibi haka. Ƙafarsa ta ƙi gaba. Ya daɗe yana kai da kawo a bakin rijiyar, mata masu ɗiban ruwa suna satar kallonsa, sannan ya koma.

Barira ta ce tuwon nan zai yi tsami kafin gobe, a raba wa gidaje. Ya ce wannan ai aikin mata ne. Ta ce ita ta yi nata tun jiya, ƙugunta ba ya miƙuwa. Haka ya ɗora akushi a ka, babban mutum da furfura a gemu, ya fara da gidan da ya fi kusa.

A ƙofar Iya Hanne ya cire takalmi. Ya ajiye akushin, ya tsuguna, ya yi mata gaisuwar mijinta.

"Ka makara, ɗan nan," in ji ta. "Amma zauna."

Ta fara masa labarin ciwon tun daga ranar da ƙafa ta fara kumbura. Wanda ya kawo sassaƙe, wanda ya yi rubutu, abin da marigayin ya ce ranar Talata, abin da ya ƙi ci ranar Laraba. Gwadabe yana zaune kamar a kan ƙaya. Idonsa na kan ƙofa, ga sauran akussa suna jira. Sau biyu ya yunƙura, ta ci gaba kamar ba ta gani ba. Can dai ya haƙura ya saki jiki, ya ji labarin har ƙarshe, har ya tambaye ta wa ya yi wanka. Da zai tashi ta tambaye shi ko yana da iri. Ba shi da shi, tun shekarar farko suka cinye. Ta sa ya miƙa hannu cikin jinka ya zaro zangarniyar gero da hayaƙi ya baƙanta, ta ce na marigayin ne, shi ya zaɓa da hannunsa.

Sai magariba ya gama rabon. Wasu gidajen an karɓa an gode, wasu an karɓa kawai.

Da asuba ya ɗauki gatari ya shiga gonar shi kaɗai, daga bakin hanya. Kafin hantsi tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Sabara ba a sare ta a bari, sai an tono gindin, in ba haka ba ruwan farko ta dawo. Ya san wannan, jikinsa ne ya manta. Ya riƙa sara yana zagin itace, yana zagin Barau, yana zagin kansa. Da yamma Barira ta shafa masa man kaɗanya a baya yana nishi kamar jaki. Kwana uku yana tashi da rarrafe. In ya zauna hutawa a gona sai ya ga yatsansa yana tona ramukan dara a ƙasa ba tare da ya sani ba. Ya shafe ya miƙe.

Kwana goma sha biyu yana wannan, sai ruwa ya sauka. Abin da ya share bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ya riƙe sungumi yana sara, Barira na binsa tana zuba irin Iya Hanne tana rufewa da diddige. Da suka gama ya koma kan sabara, yana shara yana shukawa a baya.

Da shuka ta tasa aka fara gayyar noman farko, ta Malam Uthman ce a gaba. Ba wanda ya gaya wa Gwadabe. Ya ji ganga ne yana cikin tasa gonar. Ya san duk wunin da ya kai wa wani, wuni ne ya rage a nasa, kuma mai gari ba zai ƙara masa kwana ba. Ya yi sara biyar ya tsaya, ya yi uku ya tsaya. Ƙarshe ya yar da gatarin, ya koma gida ya ɗauko fartanya.

Da ya isa an riga an jeru, kowa da kunyarsa. Ba wanda ya ce masa zo, ba wanda ya ce tafi. Ya kama ta ƙarshe a gefe. A da, in ana gayya a Toranke, bayan Gwadabe ake kallo. Ranar nan samarin da ya bari suna kiwon awaki suka kai ƙarshen gona suka juyo, shi bai yi rabi ba. Wani ya ce a yi wa ɗan birni a hankali, kada tumbin ya fashe. Wani ya ce da an tona masa ramuka a kunyar da tuni ya cinye ta. Aka yi dariya. Ransa ya ɓaci har kunnuwansa suna zafi, amma bai ɗago ba. Mutane suna cin tuwo yana ƙarasa kunyarsa. Malam Uthman ya sa aka ajiye masa nasa a rufe.

Ya je ta biyu, ya je ta uku. A ta huɗu ya daina zama na ƙarshe, wani mai tari ya gaje shi a baya. Wandonsa ya fara zamewa, Barira ta rage masa mazagi. In an tashi daga gayya da la'asar, sai ya wuce gonarsa ya yi ta sara har ya daina ganin gatarin. Ya koyi tambaya kuma, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi Barau me za a shuka a wurin da aka makara, Barau ya ce wake, ya ba shi ƙwarya ɗaya.

Duk wannan lokaci bai taɓa ƙarasawa gindin kuka ba. Wata la'asar Barau ya biyo ta kan iyaka ya ce ya zo su duba wani ramin gafiya da ke ɓata masa gona. Suna tafe suna magana, sai Gwadabe ya ga kansa a inuwar kukar. Ya tsaya cak. A ƙasa, cikin ciyawa, ga ƙarfen fartanya ya yi tsatsa, gara ta cinye ƙotar. Ya tsuguna ya ɗauka ya juya shi, na Lurwanu ne. Ya ce wa Barau ya ji Lurwanu ya kira shi, sau biyu, ya ce Yaya, kuma bai waiwaya ba. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Barira.

"Na ji shi ni ma," in ji Barau. "Ina cikin kalgon can, kwance, na cusa fuskata a ƙasa. Kowa ya gudu ranar, Gwadabe. Mu dai da yamma mun dawo."

Gwadabe ya yi kuka a nan, irin na manya, mara daɗin ji. Barau ya juya baya yana neman ramin gafiyarsa har aka gama.

Saura kwana biyu kafin mai gari ya zo, da safe sai ga mutum huɗu a bakin gonar da gatura: Barau, da wani ɗan Malam Uthman mai iyali, da mai tarin nan, da wani da Gwadabe ya yi wa noma sau biyu. Ba ganga, ba nama. Barira ta dama kunun tsamiya ta kawo. Suka yi wuni biyu suna sara suna shuka wake. Sun ci wuri sosai, amma mutum biyar ba arba'in ba ne.

Mai gari ya zo da sandarsa, tare da babban baƙin, wani siriri mai suna Garzali. Ya shiga daga bakin hanya, ya bi ta cikin gero yana gyaɗa kai, ya ratsa waken, ya tsaya inda sabara ta fara. Shukar ta ɗan haura rabin gonar. Sauran, har kukar, daji ne.

Gwadabe ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa kaka. Ka ga hannuna."

Mai gari ya duba hannun da kyau. Ya ce ya gani, kuma ya ji labarin gayyar da yake zuwa, ya yi murna. Amma ya riga ya yi wa Garzali magana tun bazara, mutumin yana da bakuna tara a gida, kuma damina ba ta jira. Ya ja layi da sanda. Aka tono gamba aka dasa a kan iyakar, tushe tushe, daga gefen Barau har ɗaya gefen. Aka shafa fatiha.

Kwana biyu Gwadabe bai zauna ba. Ya koma zagaye, wannan karon gonar yake zagawa. Ya bi layin gambar daga farko har ƙarshe, ya dawo, ya sake bi. Sau ɗaya ya sa ƙafa a kan wani tushe kamar zai tumɓuke, ya janye. Ya ce wa Barira da bai ɓata wuni tara a gonakin mutane ba, da ya kai kukar. Ta ce ƙila. Ta ce geron nan dai da ya fito, ko rabinsa ya yi, ba za ta sake tsayawa a gaban matar kowa da ƙwarya ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Garzali ya bi gidaje yana neman taimako, don shi ma ya makara, yana so ko wake ya samu ya jefa. Da ya zo ƙofar Gwadabe ya yi sallama a hankali, ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon ƙasa. Gwadabe bai ce masa Allah ya kai mu ba. Ya ce ya ji.

Ranar Asabar mutane suna taruwa suka tarar da Gwadabe a can, ya riga kowa, ya tsallake gambar yana wasa gatari a kan dutse. Garzali ya nuna inda yake so a fara, ta wajen kwari, ya ce can ƙasar ta fi baƙi.

"Ba nan ba," in ji Gwadabe. "Nan ruwa yake kwanciya, wakenka zai ruɓe. Ta tudun can za a fara."

Garzali ya ce su a Kademi kwari suke nema. Gwadabe ya ce nan ba Kademi ba ne, shekara talatin yana noman wurin nan, ya san inda ƙuduji mai kashe shuka yake, ya san inda gara take. Garzali ya ce to amma gonar ai yanzu tasa ce. Mutane suka tsaya suna jiran abin da zai biyo baya.

Gwadabe ya dube shi, ya gwada kaifin gatarin da babban yatsa.

"Taka ce," ya ce. "Shi ya sa nake gaya maka. In ka ƙi ji, ni zan fara ta tudu, kai ka je ka shuka wa kwaɗi."

Ya saɓa gatarin ya nufi tudun. Barau ya bi shi, sauran suka bi Barau. Garzali ya tsaya shi kaɗai a kwarin yana duban ƙasarsa mai baƙi, sannan ya ɗauki addarsa ya hau, yana ta mita a hanya.